Wallace Harrison da Trygve Lie: an ba su haƙƙinsu kan ginin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa?

Nura_Zane: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga masana gini da masana tarihi ce. Duk inda ake koyar da zanen gini, idan aka zo kan hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, sunan Le Corbusier da na Oscar Niemeyer ake fara kawowa. Alhali kuwa Wallace Harrison, Ba'amurke, shi ne daraktan tsara ginin, kuma Trygve Lie ɗan Norwe, Sakatare-Janar na farko, shi ya naɗa shi a farkon 1947. A ganina an danne haƙƙin mutanen nan biyu. Ba don su ba, da ginin bai tashi a wurin da yake ba, kuma da ba a gama shi tsakanin 1948 da 1952 ba. Me kuka gani?

Malam_Sabo_Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam Nura. Mu fara da fili, domin a nan hannun mutanen biyu ya fara haɗuwa. A ƙarshen 1946 Majalisar ba ta da gidan kanta. Ma'aikata suna Lake Success cikin wani ɓangare na masana'antar Sperry, Babban Taro kuma yana zama a Flushing Meadow cikin ginin da ya rage daga baje kolin duniya na 1939. An duba yankin Greenwich a jihar Connecticut, mazauna wurin suka tayar da ƙayar baya. An duba San Francisco, Tarayyar Sobiyet ta ƙi. Philadelphia ce ta kusa ɗauka. Lie kuwa New York yake so, ya yi ta tuntuɓar magajin gari William O'Dwyer da Robert Moses, jami'in da ke kula da manyan ayyukan gine-ginen birnin, kan yadda za a riƙe Majalisar a birnin.

Daren 10 ga Disamba 1946, ana gobe kwamitin zaɓar mazaunin Majalisar zai zauna, Harrison ya ɗauki taswira ya je ya sami dillalin filaye William Zeckendorf a gidan shagalin Monte Carlo. Zeckendorf ya riga ya tara filayen mayankar dabbobi da ke bakin ruwan East River, daga titi na 42 zuwa na 48, da niyyar gina wata unguwa mai suna X City, kuma Harrison ne ke zana masa ita. A jikin taswirar ya rubuta cewa zai sayar a kan dala miliyan 8.5, ya sa hannu. John D. Rockefeller ƙarami ya biya kuɗin kyauta, Babban Taro ya karɓi kyautar ranar 14 ga Disamba.

Ibro_Maradi: Malam Sabo, ai labarin naka shi ya nuna inda gizo ke saƙa. Harrison na gida ne a wajen Rockefeller. A 1926 ya auri Ellen Milton, wadda ɗan'uwanta David ke auren Abby, 'yar John D. ƙarami. Da shi aka zana Rockefeller Center. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne mataimakin Nelson Rockefeller, ɗan John D. ƙarami, a ofishin hulɗa da ƙasashen Latin Amurka. Wanda ya ba da fili, nasa aka ba aikin. Ban ga haƙƙin da aka danne ba.

Akitek_Hadiza: Malam Ibro, dangantakar gaskiya ce, kuma ta buɗe masa ƙofofi da yawa, babu mai musu. Amma a duba abin da ya zo kafinta. An haife shi a Worcester ta jihar Massachusetts a 1895. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya kama aikin masinja a ofishin wani ɗan kwangilar gini, a nan ya fara riƙe fensir. A 1916 ya shiga ofishin McKim, Mead & White a New York, ya yi sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi karatu a Faris, ya ci tallafin Rotch na zagayen nazarin gine-gine a 1922. Duk wannan kafin auren ne.

Abin da Lie yake bukata a 1947 mutum ne da ya san dokar ginin New York, ya san masu ƙarfe da masu lifta da ƙungiyoyin ma'aikata, kuma zai iya zaunar da manyan masu zane goma a ɗaki ɗaya ba tare da taron ya watse ba. Rockefeller Center ofisoshi uku ne suka zana ta tare, saboda haka aikin gayya shi ne makarantar Harrison.

Ga yadda aka yi. Ƙasashe suka ba da sunaye, aka tsayar da mutum goma: Bassov daga Tarayyar Sobiyet, Brunfaut daga Beljiyam, Cormier daga Kanada, Le Corbusier daga Faransa, Liang Sicheng daga Sin, Markelius daga Suwidin, Niemeyer daga Birazil, Robertson daga Birtaniya, Soilleux daga Ostireliya, Vilamajó daga Yurugwai. Suka yi zama 45 daga Fabrairu zuwa Yuni 1947 a hawa na 27 na ginin RKO. Kowace shawara aka kawo, masu zanen ofishin Harrison su kwana suna mayar da ita zane da samfuri, a ba ta lamba, gobe a dawo a tattauna. Harrison ya hana a kaɗa ƙuri'a, kuma ya tsaya a kan cewa ba wanda zai sa sunansa shi kaɗai a kan sakamakon.

Ɗan_Makaranta_Zariya: Anti Hadiza, don Allah a fayyace mana bambancin tsari na 23 da na 32. Ana yawan ambaton lambobin amma ba a cika bayyana su ba.

Akitek_Hadiza: To ƙanena. Na 23 na Le Corbusier ne. Dogon bene siriri na ofisoshi a gefen kudu, sannan katafaren gini guda a tsakiyar fili wanda ya haɗiye zauren Babban Taro da zaurukan kwamitoci gaba ɗaya. Na 32 na Niemeyer ne, wanda shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, yana da 39. Shi rarraba su ya yi: zaurukan kwamitoci a dogon gini mara tsawo a bakin ruwa, dogon benen a gefe, zauren Babban Taro can a ƙarshen fili, tsakiya kuma a bar ta fili fetal. Kwamitin ya fi karkata ga na 32. Sai Le Corbusier ya matsa wa Niemeyer ya dawo da zauren Babban Taro tsakiya. Niemeyer yana ganin girmansa tun aikin da suka yi tare a Rio a 1936, ya yarda, suka miƙa tsarin da ake kira 23-32. Filin tsakiyar da Niemeyer ya so ya tafi a nan.

Bayan watan Yuni aka sallami kwamitin. Zanen aiki, wato wanda ɗan kwangila zai riƙe ya yi gini da shi, ofishin Harrison da abokin aikinsa Max Abramovitz ne suka yi. Wannan ne ya ƙona wa Le Corbusier rai har ƙarshen rayuwarsa, yana cewa an ƙwace masa aiki.

Ibro_Maradi: To kin ga. Tunanin na wasu, sunan darakta na Harrison.

Injiniya_Bala: Malam Ibro, tsakanin samfurin da aka ɗora a tebur da ginin da mutum zai shiga akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne ya kamata a auna Harrison, ta yabo da ta zargi duka.

Kuɗi tukuna. Ƙiyasin farko ya kai kusan dala miliyan 85. Abin da aka samu bashi ne mara ruwa na dala miliyan 65 daga gwamnatin Amurka, wanda majalisar dokokinta ta amince da shi a watan Agusta 1948, aka gama biya a 1982. Dole aka yanke. Benen ofisoshi ya sauko daga hawa 45 zuwa 39, aka matse zauren Babban Taro da na kwamitoci. An fara tonon ƙasa ranar 14 ga Satumba 1948, Lie ya aza harsashi ranar 24 ga Oktoba 1949 a gaban Shugaba Truman, ma'aikata suka fara ƙaura zuwa benen a watan Agusta 1950, Babban Taro ya fara zama a sabon zaurensa a Oktoba 1952.

Benen kansa: tsawonsa sama kimanin mita 154, tsayinsa a ƙasa mita 87, faɗinsa mita 22 kacal. Siraran ɓangarorin biyu, kudu da arewa, an rufe su ruf da dutsen marmara na Vermont, babu taga ko ɗaya. Manyan fuskokin biyu gilashi ne daga ƙasa har sama, taga wajen 5,400 a cikin firam na alminiyam, an rataye su a jikin ƙwarangwal ɗin ƙarfe, ba sa ɗauke da nauyin komai. Ƙarƙashin kowace taga gilashin da ake gani daga waje akwai bulo a bayansa an shafe shi da baƙin fenti, domin dokar gobara ta birnin ta wajabta. Injinan iska ba a tara su a ƙasa ko a rufi kawai ba, an ba su hawa na 6 da na 16 da na 28 da na ƙololuwa, don bututun iska su gajarta kuma kada su cinye wurin ofis. Waɗannan su ne layukan da ake gani sun ratsa gilashin a hoto. Ba ɗaya daga cikin wannan da ke cikin tsari na 23 ko na 32.

Rabi_Injin_Sanyi: Injiniya, ka faɗi yabon, bari in kawo zargin. Manyan fuskokin nan gabas da yamma suke kallo, kuma babu abin da ya fi wannan wahala ga mai lissafin sanyaya gini. Titunan Manhattan ma sun karkace da kusan digiri 29, saboda haka fuskar da ke kallon gari ta ɗan juya arewa maso yamma, daidai inda ranar bazara ke faɗuwa. Daga la'asar zuwa magariba rana tana dukan gilashin kai tsaye. Le Corbusier ya nemi a sa fikafikan tare rana a waje, kamar yadda aka yi wa ginin ma'aikatar ilimi a Rio. Harrison ya ƙi. Hujjarsa ita ce a lokacin sanyi ƙanƙara za ta daskare a kansu ta riƙa faɗowa kan mutane, ga tsada, ga wahalar wanke tagogi. Maimakon haka ya zaɓi gilashi mai launin kore-shuɗi mai shanye zafi, da labulen ƙarfe a ciki, da na'urar sanyi a ƙarƙashin tagogi.

Matsalar gilashi mai shanye zafi falle ɗaya ita ce, zafin da ya shanye ba ya ɓacewa. Gilashin kansa ne ke yin zafi ya riƙa fesa wani kaso cikin ɗaki. Labulen ciki kuma yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya shigo. Shi ya sa daga baya aka bi tagogi ana manna musu leda mai mayar da haske, launin ginin ya canza.

Injiniya_Bala: Hajiya Rabi, haka ne, kuma akwai na biyu: yoyo. Masu zanen firam ɗin sun yi lissafi a kan cewa ruwan sama ƙasa yake gangarowa, suka huda ƙananan kafofi don wanda ya shiga ya fita. Amma iska idan ta daki bango mai faɗin nan ba ta da hanyar wucewa, sai ta hau sama da ƙarfi, ta tura ruwan ta cikin kafofin da gaɓoɓin firam. Tun shekarun farko ginin yake yoyo. A tuna kuwa shi ne dogon bene na farko a New York da aka yi wa irin wannan bangon gilashi, babu wanda za a kwaikwaya. Lever House da ta biyo baya a 1952 rufe gilashinta aka yi gaba ɗaya, ba a buɗe taga, aka yi mata keken wanki da ke saukowa daga rufi. Maganin yoyon da aka gano daga baya shi ne a bar ɗan sarari a bayan fatar waje wanda ƙarfin iskarsa ya yi daidai da na waje, don kada a sami abin da zai tsotsi ruwa ciki.

Babban gyaran da aka fara a 2008 ya ci sama da dala biliyan 2. An cire gilashin duka an sa mai ruɓi biyu wanda ba a buɗewa kuma yana jure fashewar bam, aka dawo da launin asali, aka kwashe asbesto (kayan gini mai jure wuta amma mai cutar da huhu), aka sa bututun yayyafa ruwan kashe gobara wanda da babu.

Rabi_Injin_Sanyi: Ga masu zana dogayen ofisoshin gilashi a Abuja da Kano da Yamai, abin lura ɗaya ne. Hujjar ƙanƙara ba ta shafe mu ba. A juya dogayen fuskoki su kalli kudu da arewa, inda baranda ko fiffike na kwance ya isa ya tare rana saboda tana sama. Fuskar gabas da yamma kuwa fiffiken kwance ba ya tsinana komai, domin rana ƙasa-ƙasa take shigowa, sai na tsaye, ko a rage tagar.

Barista_Aminu: Jama'a kun tafi kan gilashi kun bar Lie a baya, alhali rabin tambayar Malam Nura a kansa take. An haife shi a Oslo a 1896, lokacin ana kiranta Kristiania. Mahaifinsa kafinta ne da ya tafi Amurka ya bar su, mahaifiyarsa ta rene shi da kuɗin gidan saukar baƙi a Grorud. Ya gama karatun lauya a 1919, ya yi wa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa lauya daga 1922 zuwa 1935. Aikinsa na shekara goma sha uku sasanta yajin aiki ne da kare ma'aikata a kotu, kuma da wannan hali ya zo New York: a zauna a yi ciniki a ware.

Ya zama ministan shari'a a 1935 a gwamnatin Nygaardsvold. A hannunsa aka ba Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha da Stalin ya kora, mafaka, kuma shi ne ya yi masa ɗaurin talala a 1936 bayan matsin lamba daga Mosko, ya sa shi a jirgin dakon mai zuwa Meziko a watan Disamba. Wannan ya sa Sobiyet suka ɗauke shi mutumin da za a iya zama da shi. Ranar 10 ga Janairu 1946 a Landan su suka tsayar da shi shugabancin Babban Taro, Spaak na Beljiyam ya kayar da shi da ƙuri'a 28 da 23. Da aka zo kan Sakatare-Janar, Amurka ta so Lester Pearson na Kanada, Sobiyet suka ce ba za a haɗa hedikwata da sakatare a nahiya ɗaya ba. Aka daidaita a kan Lie, aka zaɓe shi ranar 1 ga Fabrairu da ƙuri'a 46 da 3.

Malam_Sabo_Tarihi: Barista, ka tsallake abin da 'yan Norwe suka fi tuna shi da shi. Da Jamus ta mamaye ƙasar ranar 9 ga Afrilu 1940, Lie ne ministan samar da kayayyaki, kuma jiragen ruwan 'yan kasuwa suna ƙarƙashinsa. Norwe ce ta huɗu a duniya wajen yawan jiragen dako, galibinsu kuma suna kan teku a lokacin. Rediyon Oslo da ke hannun Jamusawa ya umarci matuƙa su nufi tashoshin da Jamus ke so, ba su bi ba. Ranar 22 ga Afrilu, gwamnati tana gudu a cikin duwatsu, ta zauna a Stuguflåten ta zartar da dokar karɓe jiragen. Daga nan hukumar tafiyar da jiragen, Nortraship, ta kafu, da jirage kimanin 1,000 ana tafiyar da su daga Landan da New York. Kuɗin dakonsu ne ya riƙe gwamnatin gudun hijira ba tare da ta miƙa ƙoƙon bara ga Ingila ba. An biya farashin da ɗaruruwan jirage da rayukan ma'aikatan ruwa sama da 3,000. A ƙarshen 1940 Lie ya karɓi harkokin waje daga Halvdan Koht, ya juya ƙasar daga 'yar ba-ruwanmu zuwa ƙawance da ƙasashen Atilantika, kuma shi ya jagoranci tawagarta zuwa taron kafa Majalisar a San Francisco a 1945.

Zainab_Mubi: Tunda an zo kan Norwe, zaurukan kwamitoci uku ƙasashen arewacin Turai ne suka ƙawata su. Na Kwamitin Sulhu kyautar Norwe ne, Arnstein Arneberg ya tsara shi, wanda da shi aka zana zauren birnin Oslo, Per Krohg kuma ya yi babban zanen bangon da ke bayan kujerar shugaba. Na tattalin arziki Markelius ne daga Suwidin, na Kwamitin Riƙon Amana kuma Finn Juhl daga Danmak.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Ranar 13 ga Disamba 1946, kwana ɗaya kafin a karɓi kyautar fili, Babban Taro ya amince da yarjejeniyar da ta sa Kamarun Ingila ƙarƙashin riƙon amanar Majalisar. Mubi da Dikwa da Gashaka duk suna ciki. Rahoton shekara-shekara da takardun koken jama'ar yankin kwamitin nan ake kai wa, kuma Majalisar ce ta sa ido a ƙuri'ar raba gardama ta 1959 da ta Fabrairu 1961, wadda ta kai arewacin yankin cikin Najeriya ranar 1 ga Yuni 1961.

Ibro_Maradi: Malama Zainab, madalla da wannan. Amma a lura, zaure mafi muhimmanci a ginin ƙasar Sakatare-Janar ce ta samu. Lie da Harrison hali ɗaya gare su a nan, kowa ya san nasa.

Barista_Aminu: Malam Ibro, idan zargi kake nema akwai wanda ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Amma bari in fara da abin da ya gina a ofishin. Kundin Majalisar ya kira Sakatare-Janar babban jami'in gudanarwa ne, sai sashe na 99 da ya ba shi damar jawo hankalin Kwamitin Sulhu ga abin da ke barazana ga zaman lafiya. A rikicin Iran na 1946 Lie ya aika wa kwamitin ra'ayinsa na shari'a ba tare da an tambaye shi ba. Wakilai suka fusata, amma cikin watan Yuni aka gyara ƙa'idojin zama aka ba Sakatare-Janar ikon yin magana ko rubuta wa kwamitin kan duk batun da ke gabansa. Duk waɗanda suka biyo shi da wannan ƙa'ida suke aiki.

A 1950 ya faɗa tsakanin wuta biyu. A watan Maris ya fitar da takarda cewa zama a kujerar Majalisa daban, amincewa da gwamnati daban, wanda ke nufin a ba gwamnatin Beijin kujerar Sin. Amurkawa suka ce ɗan gurguzu ne. Ya zagaya Washinton da Landan da Faris da Mosko da shirin zaman lafiya na shekara 20 mai maki goma. Sai Koriya ta Arewa ta tsallaka iyaka ranar 25 ga Yuni, ya tashi a Kwamitin Sulhu ya ce an keta kundi. Sobiyet suna ƙaurace wa zama tun Janairu, ba su nan balle su hau kujerar na-ƙi. Da wa'adinsa ya zo ƙarewa suka hau ta a kansa. Sashe na 97 ya ce Babban Taro na naɗa sakatare ne bisa shawarar Kwamitin Sulhu, amma bai faɗi tsawon wa'adi ba, shekara biyar ɗin ƙudurin Babban Taro ne. Ta wannan kafa aka bi ranar 1 ga Nuwamba 1950 aka ƙara masa shekara uku da ƙuri'a 46 da 5, ƙasa 8 suka ƙi jefawa. Daga Fabrairu 1951 Sobiyet suka daina kula shi, wasiƙunsu ma ga sakatariya suke rubutawa ba gare shi ba.

Hajiya_Mairo_Kumasi: Barista, ka ce akwai zargi mai nauyi. Ka kawo shi mana.

Barista_Aminu: Ranki ya daɗe, ga shi. Sashe na 100 ya ce ma'aikatan sakatariya ba sa karɓar umarni daga kowace gwamnati, kuma gwamnatoci ba za su nemi juya su ba. Amma tun 1949 ofishin Lie ya yi shiri a asirce da ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana ba shi bayanai kan Amurkawan da ke aiki a Majalisar. A 1952 kwamitin majalisar dattawan Amurka ya kira ma'aikata yana tambayar su alaƙarsu da jam'iyyar gurguzu. Waɗanda suka fake da gyara na biyar na tsarin mulkin ƙasarsu, wanda ya ba mutum 'yancin ƙin ba da shaida a kan kansa, suka ƙi amsawa, Lie ya kore su. Ranar 10 ga Nuwamba 1952 ya sanar da murabus. Bayan kwana uku babban lauyan Majalisar, Abraham Feller, ya faɗo daga tagar gidansa ya mutu. A farkon 1953 Lie ya bar jami'an FBI suka shiga cikin hedikwatar suna ɗaukar zanen yatsun ma'aikata, a filin da shi da kansa ya sa hannu da sakataren harkokin wajen Amurka George Marshall ranar 26 ga Yuni 1947 cewa jami'an Amurka ba za su shiga ba sai da izinin Sakatare-Janar. Izinin kuwa shi ya ba da.

Kotun ma'aikata ta Majalisar ta yanke a 1953 cewa korar da aka yi wa wasu daga cikinsu ba ta kan ƙa'ida, ta ba su diyya. Amurka ta nemi a hana biya, Kotun Duniya ta ce a 1954 Babban Taro ba shi da ikon ƙin biya. Dag Hammarskjöld da ya gaji Lie a Afrilu 1953 shi ya fitar da FBI daga ginin.

Malam_Sabo_Tarihi: Ban wanke shi ba, amma a sa wannan a ma'auni: Amurka ce ke biyan sama da kashi ɗaya cikin uku na kasafin Majalisar a lokacin, bashin ginin nata ne, Sobiyet sun juya masa baya, ba shi da wurin jingina. Da ya koma gida ma bai zauna ba. Ya yi gwamnan Oslo da Akershus daga 1955 zuwa 1963, ya yi ministan masana'antu, ya yi na kasuwanci har 1965, ya rasu a Geilo ranar 30 ga Disamba 1968.

Hajiya_Mairo_Kumasi: Malam, rashin wurin jingina shi ne dalilin da ya sa aka rubuta sashe na 100. Ma'aikatan da aka kora su ma ba su da wurin jingina sai shi.

Nura_Zane: Na gode wa kowa. Har yanzu ina kan bakana game da gini. Zauren da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a ciki a Oktoba 1960, lokacin da Najeriya ta zama mamba ta 99, makonni kaɗan bayan Nijar da Chadi da Kamaru, wanda Joseph Garba ya shugabanta a 1989 da Tijjani Muhammad-Bande a 2019, ofishin Harrison ne ya fitar da shi cikin ragaggen kuɗi, Lie kuma ya nemo kuɗin. Sai dai maganar Barista ta nuna yabon gini daban, hukuncin ofis daban.

Akitek_Hadiza: Malam Nura, zauren da ka ambata shi ne ɓangaren da masu sukar gini suka fi caccaka. Ginin yana da ƙugu a tsakiya saboda da farko zaure biyu aka tsara, ɗaya a kowane kai. Da aka yanke kuɗi aka koma zaure ɗaya amma aka bar surar waje yadda take, sannan aka ɗora ƙubba a kai wadda ba ta cikin tsarin kwamitin. Waje da ciki ba su faɗi abu ɗaya ba.

Wanda ke son ya ga Harrison shi da kansa ya dubi wasu ayyukan. Ginin Alcoa a Pittsburgh na 1953 ya yi kamar amsa ce ga matsalolin da Injiniya da Hajiya Rabi suka lissafa: fatar waje faranti ne na alminiyam da aka buga a masana'anta, tagogi ƙanana, kowace tana juyawa a kan ƙusa don a wanke ta daga ciki, da robar da ake hura wa iska ta toshe gefenta. Cocin Stamford na 1958 kankare ne da aka zuba a ƙasa aka ɗaga, da gutsattsarin gilashi mai kauri a jiki. Gidan opera na Metropolitan da aka buɗe a Satumba 1966 ya sha yankan kuɗi da sake zane sau da dama, amma da kujeru kusan 3,800 sautinsa ya fito lafiya, alhali zauren kiɗan da Abramovitz ya zana a gefensa sai da aka yi ta fasa cikinsa ana sakewa. A 1967 ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka ta ba shi lambar zinariyarta.

Ibro_Maradi: Hajiya Hadiza, kin bar dandalin ofisoshin gwamnati da Harrison ya zana a Albany, babban birnin jihar New York. A nan babu kwamitin mutum goma, babu Lie, daga Gwamna Nelson Rockefeller sai Harrison. An rushe unguwanni a fili mai faɗin eka 98, an tashi dubban mutane, galibinsu talakawa da baƙi 'yan ci-rani. Dokar jihar New York ta ce ba a cin babban bashi sai an tambayi masu zaɓe, sai aka zagaye ta: ƙaramar hukumar Albany ta ci bashin, jiha ta riƙa biyan ta haya. An fara gini a 1965, ba a gama ba sai ƙarshen shekarun 1970, kuɗin ya ninka ƙiyasin farko sau da yawa ya doshi dala biliyan 2. An kuma ɗora dandalin a kan wani dogon dakali da ya raba unguwannin da suka rage da juna.

Injiniya_Bala: Kan kuɗin Albany akwai dalilai na fili da na tsarin aiki. Ƙasar wurin laka ce mai laushi, sai da aka kafa dubban turakun ƙarfe har suka taɓa ƙasa mai ƙarfi kafin a ɗora komai. Sannan dokar jihar ta tilasta a raba kwangilar gini da ta wuta da ta famfo da ta iska ga 'yan kwangila daban-daban. Suka taru a matsattsen fili ɗaya, kowa yana jiran wani ya gama, kowane jinkiri kuma ya zama takardar neman ƙarin kuɗi. A hedikwatar Majalisar kuwa manyan kamfanoni huɗu ne, Fuller da Turner da Walsh da Slattery, suka haɗe suka zama ɗan kwangila ɗaya, kuma kuɗin da za a kashe an riga an ƙayyade shi tun kafin a tona rami.